Hannu da Zuciya: Tarihin Wata Gardama a kan Kiɗan Tsirkiya, daga Goge zuwa Jita

Tun daga wajen shekarar 1966 har zuwa yau, masu sauraron kiɗan nan na Turawa da a ke kira rok ba su daina gardama a kan abu ɗaya ba. Gardamar kuwa ita ce, wane ne ya cancanci a kira shi gwanin jita: wanda yatsunsa suka fi na kowa sauri da ƙwarewa, ko kuwa wanda in ya taɓa tsirkiya sai abin ya ratsa jikin mai ji, ko da hannunsa ba shi da wani sauri? Da wannan su ke auna kowane faifai da ya fito, a kansa ne kuma jaridunsu ke ɗaga wani su ka da wani. Mai karatu zai yi tsammani wannan batu na Ingila da Amurka ne, ba abin da ya gama shi da mutumin Wudil ko na Maraɗi. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa ƙasar Hausa ta san wannan magana tun kafin a ƙera jita mai lantarki, tana kuwa da ma'auninta. Sa'an nan ta nuna yadda zuwan faifai da kaset ya sake ma'aunin, da abin da ya wajaba a kan malaman Hausa game da haka.

Asalin gardamar a wurin Turawa

Jita mai lantarki ba tsohuwar aba ba ce. An fara sayar da irinta a Amurka a 1932, amma ba ta kama ƙasa sosai ba sai a shekarun 1950, sa'ad da kamfanin Gibson ya fitar da Les Paul a 1952, kamfanin Fender kuma ya fitar da Stratocaster a 1954. Kafin wannan, ƙaho da ganga su kan danne jita a cikin taron makaɗa. Da aka haɗa ta da na'urar ƙara sauti sai ta koma gaba, har mai kaɗa ta ya iya riƙe sauti ɗaya ya ja shi, ya lanƙwasa shi, kamar yadda mai goge ke yi da izga.

Shi kiɗan rok ɗa ne ga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka wanda a ke kira buluz, watau kiɗan jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Banjo ma, wadda bayin nan suka ƙera a can, 'yar'uwar su gurmi ce wajen ƙira: ƙwarya, da fata, da sanda, da tsirkiya. Samarin Ingila irin su Eric Clapton a faifai suka koyi buluz, tun ba su taɓa taka inda a ke yinsa ba. Wannan abin lura ne ƙwarai, za mu kuwa komo kansa.

A 1967 Jimi Hendrix ya fitar da faifansa na fari, Are You Experienced, ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Shi ne mutumin da ɓangarorin biyu ke ja, kowa ya ce nasa ne, gama ya haɗa hannu da zuciya. Bayansa sai aka rabu. Ƙungiyoyi irin su Yes suka shiga tsawaita kiɗa, har waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai sukutum, kusan minti 20. Da abin ya ishi waɗansu samari, sai suka yi tawaye, su Ramones a Amurka a 1976 da Sex Pistols a Ingila a 1977, suka komo da waƙa zuwa minti biyu ko uku, magoya bayansu na cewa wanda ya san riƙon tsirkiya iri uku ya isa ya kafa ƙungiya. Ba a jima ba hannu ya sake ɗaukar fansa. A 1978 Eddie Van Halen ya fito da guntun kiɗan nan Eruption, wanda bai cika minti biyu ba, inda ya ke ƙwanƙwasa wuyan jita da yatsun hannu biyu. A 1984 kuma Yngwie Malmsteen na Suwidin ya kai sauri maƙura. A 1991 ƙungiyar Nirvana ta fitar da Nevermind, mai kiɗa mai sauƙi da murya mai zafi, jama'a suka sake juyawa. Duk tsawon wannan lokaci, in masu fifita zuciya suna neman hujja, sai su kawo B. B. King, tsohon mai buluz wanda ya kan taɓa sauti uku ko huɗu kawai, ya girgiza tsirkiya, a ji kamar mutum ne ke kuka.

Kayan tsirkiya a ƙasar Hausa da matsayinsu

Bari mu komo gida. Kayan kiɗan tsirkiya na Hausa kashi biyu ne, waɗanda a ke gogawa da waɗanda a ke kaɗawa da yatsa ko tsinke. Na gogawa su ne goge da ƙanwarsa kukuma. Ana yin goge da ƙwarya, a rufe ta da fatar guza, a ɗaura tsirkiya ta gashin wutsiyar doki bisa ɗan itacen da a ke kira jaki, a shafa ƙaro, sa'an nan a goga da izga. Na kaɗawa su ne garaya, da komo, da molo, da gurmi, da kuntigi. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan da bayaninsu a littafin da suka buga a 1971.

A tarihi kayan nan ba su sami gindin zama a fada ba kamar yadda tambari da kakaki da algaita suka samu. Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka soma busa kakaki, kakaki kuwa har yau alamar sarauta ce. Da jihadi ya zo a 1804 sai rata ta ƙaru. A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wani dalili na shari'a ba a cikin halayen sarakunan Haɓe da ya soka, ya kuma nuna cewa tambari don wata bukata a ke buga shi, kamar tara mayaƙa. Saboda haka galibin kayan tsirkiya suka zauna a bakin ganuwar jama'a: garaya wurin mafarauta da 'yan bori, goge wurin bori da rawar dare, gurmi da kuntigi wurin talakawa a dandali da kasuwa.

Garin Wudil misali ne mai kyau na irin wurin da waɗannan makaɗa ke neman abinci. Yana bakin kogi, kudu maso gabas da birnin Kano, tsakaninsu bai kai mil 30 ba, yana cikin ƙasar Joɓawa masu sarautar Makaman Kano, kuma ta kan gadarsa hanyar Borno da ta Bauci suka bi. Kasuwarsa ta ran Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan. A gari irin wannan kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mafarauta da garaya. Makaɗin fada yana da ubangida wanda ke ba shi riga da doki da hatsi, ko ya burge taro ko bai burge ba. Amma mai tsirkiya a bakin kasuwa ba shi da ubangida sai wanda ke tsaye a gabansa. In kiɗansa ya yi aiki a sa hannu a aljihu, in bai yi ba a watse a bar shi.

Ma'aunin dā: tsima

Kalmar da Bahaushe ke amfani da ita wajen faɗin aikin kiɗa ita ce tsima. A kan ce kiɗa ya tsima wane, ko wane ya tsimu. Maharbi in ya ji takensa a garaya ya kan miƙe, jikinsa na ɓari, ya shiga kirari. Ɗan dambe da ɗan tauri haka su ke da nasu kiɗan. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a kan bori a ƙasar Kano ya buga littafinsa a 1983, ya bayyana cewa kowane iska da kiɗansa, kuma aikin mai garaya ko mai goge ne ya san su, ya kawo kowanne a lokacinsa. A nan ba a bukatar alƙali, gama sakamako a fili ya ke: ko an tsimu ko ba a tsimu ba. Abin mamaki kuwa, malamin da ya hana kiɗa da mai garayar da ke yinsa sun haɗu a kan abu ɗaya, watau kiɗa da abin da ya ke aikatawa a jikin mutum a ke auna shi. Don yana da wannan ƙarfi ne ɗaya ya ke tsoronsa, ɗaya ya ke ci da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ma'auni ya yar da gwaninta. Kafin tsirkiya ta tsima mutum sai ta yi magana, maganar Hausa kuwa tana da karin sauti, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, tana kuma da wasali dogo da gajere. Take magana ce da aka mayar kiɗa. Mai goge ya kan bi hawa da saukar kalmomi da yatsunsa, ya bi tsawonsu da izga, har wanda ya san taken ya ji kalmomin sarai ko da ba a buɗe baki ba. Goge ba shi da matakai a wuyansa irin na jita, saboda haka in yatsa ya goce kaɗan magana ta ɓaci. Ga hadda ta take masu yawa, ga juriyar kwana ana kiɗa ba tare da hannu ya yi sanyi ba. Duk wannan gwaninta ce mai wuyar samu, a kan yi shekaru ana bin ubangida kafin a same ta. Sai dai kuma saurin da zai tattake karin magana aibi ne a wurinsu, don kiɗan ya tashi daga zance ya koma surutu. Ado da kwalliya suna da wurinsu, a tsakanin jimla da jimla, inda ba za su ɓata ma'ana ba. Watau dai a wurin Bahaushen dā hannu bara ne ga magana, magana kuma ita ke kai saƙo zuciya.

Babu wanda ya fi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos nuna wannan. An haife shi a 1946, ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015, mako biyar bayan rasuwar B. B. King. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya tak. In da za a auna shi da ma'aunin Malmsteen, da sai a ce bai iya kome ba, gama ɗan gajeren kiɗa ne ya ke maimaitawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Amma a lura da yadda kiɗan nan ba ya gaba ba ya baya, da yadda ya ke buɗa wa murya hanya, da yadda mutum ɗaya ke kiɗa yana kuma sake murya, ya zama miji ya zama mata, kamar a Jawabin Aure. Da wannan gwangwani ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba wanda ya taɓa tunanin ya isa a waƙe shi, ƙasa duka ta saurara.

Abin da faifai da kaset suka sake

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. A nan wurin saurare ne ya fara sakewa. Garmaho ya shigo a zamanin Turawa, aka kafa gidan rediyon Nijeriya a 1951, na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, kamfanin EMI da waɗansunsa suka shiga ɗaukar makaɗan Hausa a faifai. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika kasuwanni da tashoshin mota a shekarun 1970 da 1980.

Abu uku suka faru. Na fari, an yanka kiɗa daidai da faifai. Tsohon faifan garmaho minti uku ne ko ɗan fiye a kowace fuska, saboda haka kiɗan da a ke kwana ana yi aka matse shi ya zama loma ɗaya. Na biyu, an raba kiɗa da wurinsa. Direban da ya taso daga Kano ya haye gadar Wudil yana jin garaya a motarsa ba maharbi ba ne, ba kuwa wanda zai tsimu a gabansa ya gani. Na uku, kuma shi ne babba, an sami damar maimaitawa da gwadawa. Dā kiɗa in ya wuce ya wuce, sai labari. Yanzu mutum ya iya mai da kaset baya sau goma ya ji yadda aka juya izga a wuri kaza, sa'an nan ya cire ya sa na wani makaɗi ya gwada su.

A wannan zamani ne kukuma ta yi tashe, a hannun su Ibrahim Na Habu, da Ali Makaho, da Garba Supa, da Ahmadu Doka, da Hassan Wayam, gurmi kuma a hannun Haruna Uji na Haɗeja. Wanda ya saurari kasakasan masu kukuma zai ji wuraren da mawaƙi ke yin shiru ya bar kukuma ita kaɗai tana yawo bisa ƙwarya ko kalangu, tana nuna abin da hannu ya iya. A teburin mai shayi da rumfar mai sayar da kaset aka soma jin gardamar wa ya fi wani hannu, wa ya fi wani zaƙin murya, wa ya fi wani azanci. Abin da dā ya ke dunƙule an rarraba shi, ana auna kowane yanki shi kaɗai.

To, a nan ne tarihin biyu suka haɗu. Saurayin Ingila da ya koyi buluz a faifai bai ga majami'a ko gidan rawar da kiɗan ya fito ba. Abin da ya iso kunnensa sauti ne tsura, abin da kuwa za a iya kwaikwayo a sauti tsura shi ne motsin yatsu. Ashe gardamar hannu da zuciya 'yar faifai ce. Ba ta tasowa sai an cire kiɗa daga wurin da ya ke aiki, an sa shi a akwati, an ba wanda ba don shi aka yi ba.

Jita a ƙasar Hausa da maƙwabtanta

Ita kanta jita ta shigo Arewa ta hannun ƙungiyoyin kiɗan otal da na kulob a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Jos. Bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970, kiɗan rok ya yi tashe a Nijeriya, aka sami su BLO da Ofege a Ikko. A Kano ma ƙungiyar Elcados ta tashi, ta fitar da faifai a shekarun 1970, har kamfanin Soundway na Ingila ya sake fitar da wata waƙarsu mai sunan Hausa a 2008. Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda ya rasu a 2003, ya yi waƙoƙin Hausa irin su Ikon Allah da kayan kiɗan Turawa. Duk da haka jita ba ta zama kayan Bahaushen karkara ba. Ta tsaya a birni, a wuraren da yawancin jama'a ba su shiga, ba ta sami wani take ko wata sana'a da za ta yi wa aiki ba.

A Nijar labarin ya sha bamban. A can Abzinawa suka ɗauki jita suka ba ta aiki. A lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, kasakasan Abdallah Oumbadougou sun yi ta yawo hannu da hannu suna kai saƙo, daga baya kuma jita ta zama kayan biki a Agadas. Daga wannan gida Bombino ya fito, da Mdou Moctar, wanda ya ƙera jitarsa ta fari da wayar birkin keke. Faifansa na fari, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon situdiyon waƙoƙin Hausa, ya bazu ta wayoyin hannu. Da ya fitar da Afrique Victime a 2021, jaridun Turai da Amurka suka yi ta gwada shi da Hendrix da Van Halen saboda saurin yatsunsa. Amma wannan sauri a filin biki ya girma, inda in 'yan rawa ba su taso ba an san mai jita bai yi kome ba. Ma'aunin mai garaya ne ya rene shi, ko da ya ke da na faifai a ke yabonsa a waje.

Halin da a ke ciki, da abin da ya wajaba a kanmu

Daga tsakiyar shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyano irin na kamfanin Yamaha ya shiga situdiyo, daga baya kwamfuta ta biyo. Mutum ɗaya ya kan zauna ya fitar da sautin ganga da sarewa da goge ba tare da ya taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba, na'ura kuma ta miƙe wa mawaƙi murya. Bayan shekarar 2000, da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da maƙwabtanta, wuraren goge na dare ma suka ragu. Ba za a ce waƙoƙin zamani ba su taɓa zuciya ba, gama suna taɓa ta matasa ƙwarai, a cikinsu kuwa akwai masu azanci. Sai dai Turawa suna gardama ne a kan hannun da ke nan, mu kuwa hannun ne ke neman ɓacewa. Manyan masu kukuma da gurmi da kuntigi galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, masu koyo kuwa kaɗan ne.

A nan akwai hakki a kan sassan nazarin Hausa. An yi aiki mai yawa a kan waƙar baka, tun daga binciken Ɗandatti Abdulƙadir a kan Mamman Shata a 1975 har zuwa littattafan Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa. Amma ɗalibi ya saba ya rubuta baitoci a takarda, ya fitar da jigo da salo da zubi, ya sallami kiɗa da layi biyu. Yin haka maimaita aikin faifai ne, watau a sake raba abin da ya ke haɗe. Ga abin da mu ke ganin ya kamata.

Na ɗaya, a nemi makaɗan tsirkiya da suka rage a ɗauke su a hoto mai motsi, yadda za a ga yatsu da izga, a wurin sana'arsu in da hali, a kuma tambaye su sunayen da su ke kiran dabarun hannu da su. Na biyu, duk ɗalibin da zai yi nazarin waƙar mai goge ko mai kukuma a sa shi ya sa wa kalmomi alamar karin sauti, ya gwada su da hawa da saukar kiɗan, don ya gani da idonsa inda tsirkiya ta bi magana da inda ta saɓa mata, da dalili. Na uku, makarantun horon malamai su riƙa gayyatar makaɗi aji. Kuntigi ba ya bukatar kuɗi, gwangwani ne da fata da sanda, ɗalibai za su iya ƙera shi a yini ɗaya, a kansa kuma za a koya musu karin sautin Hausa fiye da yadda allo zai koyar.

Maƙwabtanmu sun nuna abin mai yiwuwa ne. An kafa cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya a Yamai a 1989. Malam Maman Barka, wanda dā malamin makaranta ne kuma gwanin gurmi, ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 ya zauna wurin Boukar Tar, tsohon da ya rage mai sanin biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya, ya ɗauke shi a faifai kafin ya rasu a 2018. Wudil, wadda kwalejinta ta horar da malamai masu yawa na lardin Kano, wadda kuma ta sami jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, tana kewaye da garuruwan su Gaya da Garko da Sumaila, ga kuma kasuwa mai tara mutanen karkara kowane mako. Ɗalibin da ke neman mai garaya ko mai gurmi, daga nan ya kamata ya fara tambaya. Allah ya sa a yi wannan aiki tun masu hannun suna da rai, amin.